Jinyar Valentine Mai Faci

Shekara shida Bernadette ta yi ba ta furta sunan Valentine ba. In zance ya kama dole sai ta ce "direban nan", kuma kowa a cocinsu na Daura ya san wanda take nufi.

Shi ya tuƙo motar da mijinta Cyprian ya mutu a ciki. Sun taso daga Kano da kayan gyaran babur na shago, ashe Valentine ya sha giya kafin su kama hanya. Ba su kai Kazaure ba motar ta ƙwace ta daki gindin kuka. Cyprian ko shurawa bai yi ba, Valentine kuwa ya fita da 'yar ƙujewa a goshi. Bayan an kai gawa gida Kudu an dawo, Lahadin farko da ya shigo coci Bernadette ta miƙe a gaban jama'a ta ce ko shi ko ita. Katikis ɗinsu, wato mai koyar da addini a cocin, wani dattijo mai suna Ebube, ya yi ta kai-kawo tsakaninsu har ya gaji. A ƙarshe Valentine ne ya raba gardama. Ya ajiye tuƙi, ya tattara ya koma Kongolam bakin iyaka, ya kafa rumfar faci, ba a ƙara ganin ƙeyarsa a sujada ba. Da farko akan ce ya kamata wani ya je ya dubo shi. Daga baya aka daina faɗa.

Sai shekara ta dubu biyu ta zo da rikicin Kaduna, aka kuma ƙaddamar da shari'a a jihar Katsina. Babu wanda ya taɓa Bernadette ko shagonta, amma labaran da ke zuwa daga nesa sun isa su hana mutum sukuni. Kowane mako sai an ga motar kaya a ƙofar wani ɗan coci, an ɗaure katifu a sama. Ita ma 'ya'yanta biyu ta tura su wurin ƙanwarta a Oweri. Cocin da ke cika har waje ya koma mutum goma sha huɗu a benci uku na gaba, waƙarsu da ƙyar take kai bakin ƙofa. Fada ma, limamin cocin, sai sau ɗaya a wata yake zuwa daga Katsina.

Wata Lahadi a tsakiyar bazara, shekara biyu bayan haka, suka fito daga sujada suka tarar da wani Bahaushe tsugune a inuwar katanga, kusa da baburinsa. Ya miƙe ya gaishe su, ya ce sunansa Badaru, dillalin awaki ne a Kongolam.

"Mutanen Balanti mai faci nake nema," in ji shi.

Valentine yake nufi. Ebube ya matso ya ce, "Mu ne. Lafiya?"

"Ba lafiya ba, Baba. Yau kwana tara ke nan ya faɗi a rumfarsa, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. A zaurena yake kwance. Maiɗakina Kulu tana dama masa kunu, ni ina juya shi. Wannan ba komai ba ne, maƙwabcina ne shekara shida. Amma akwai abin da yake ta ƙoƙarin faɗa da harshenku, ban san ko addu'a ce ba. Kuma in ta Allah ta kasance, ni ban san yadda ake sallamar naku ba. Na ce mutum ba ya rasa nasa, bari in zo in tambaya."

Bernadette ta ji kalmar "nasa" ta sauka a ƙirjinta. Ta gyara ɗankwalinta ta wuce gida, ba ta tsaya jin sauran ba.

Washegari Ebube da maza biyu suka ɗauki shatar mota suka kwaso shi. A asibiti aka duba shi aka ce an makara, a kai shi gida a kula da shi. Gida kuwa babu, danginsa na Kudu an aika musu saƙo ba amsa. Aka share ɗan ɗakin da ke bayan coci, inda ake ajiye karyayyun benci, aka shimfiɗa masa katifa. Ebube ya raba kwanakin jinya tsakanin 'yan coci. Da ya zo kan Talata ya ɗaga kai ya dubi Bernadette.

"Baba, kada ka soma," ta ce.

"Ban ce komai ba, 'yata. Talata tawa ce, da Alhamis."

Bai yi mata wa'azi ba, kuma wannan ya fi damunta. Da ya yi, da ta san amsar da za ta ba shi. Ebube ya haura saba'in, ga ciwon suga, ƙafafunsa kullum a kumbure. Ranar Alhamis da ta bi ta bayan coci za ta kasuwa, ta hango shi durƙushe a gaban baho yana cuɗa zanin gado da ya ɓaci, yana yi yana tsayawa ya huta. Ta kau da kai ta wuce. Daga ranar ta fara dama koko da safe tana bayarwa a kai, ta ce wa matar da ke karɓa, na Baba Ebube ne, in ya ga dama ya ba wanda ya so.

A mako na uku jikin Valentine ya ƙara tsanani, Ebube ya ce zai je Katsina da kansa ya roƙi Fada ya zo kafin lokacinsa na wata. Talata ce. Wadda ta yi alkawarin karɓar jinyar ranar a madadinsa, ɗanta ya tashi da zazzaɓi, ta kasa zuwa, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Bernadette ta jira mai karɓar koko har rana ta take, ba ta ga kowa ba. Ta rufe shago ta ɗauki kwanon, da niyyar ta ajiye a bakin ƙofa ta juya.

Wari ne ya fara tarbar ta. Ɗakin rufin kwano ne, ya ɗauki zafi kamar tanda. Ta tura ƙofar da ƙafa. Mutumin da ta sani ƙato ne mai faɗin ƙirji da babbar murya. Wanda ta gani a kan katifar ƙashi ne da fata, gemu ya yi fari, ƙudaje sun taru a gefen bakinsa ba ya iya kore su. Ya ɓata shimfiɗarsa. Kofin ruwa na nan kusa da hannunsa mai rai, ya ture shi garin ƙoƙarin ɗauka, ƙasa ta shanye ruwan.

Ya gane ta. Idonsa ɗaya ya buɗe sosai, ya yi yunƙurin juya fuskarsa bango ya kasa.

Shekara shida tana tsara abin da za ta faɗa masa in sun haɗu, kuma duk tana tune da shi. Ta ajiye kwanon ta fita, ta ɗebo ruwa a randar coci. Ta ɗaga kansa ta ba shi ya sha, rabi yana zubowa ta gefen baki. Ta naɗe hannun rigarta, ta mirgina shi, ta zare zanin, ta goge masa jiki tana kallon bango. Sau biyu ta fita waje ta sha iska, ta dawo. Da ta gama ta zauna a kan karyayyen benci ta fara ba shi kokon da cokali.

Ya soma wani gurnani, leɓensa na rawa. Ta gane sunan mijinta yake son kamawa.

"Yi shiru ka haɗiye," ta ce da harshen Ibo. "Ban zo jin wannan ba. Kada ka ɗauka na yafe, ban san ko zan iya ba. Baba ya tafi Katsina, kuma ba za a ce ɗan cocinmu ya mutu da ƙishirwa a bayan coci ba."

Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. Ya ci cokali bakwai ya rufe baki. Can ya sake soma wani sautin, wannan karon a hankali, yana hawa yana sauka. Ta kasa kunne. Addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa ce, wadda suke yi tare kowace Lahadi. Kalmomin sun narke a bakinsa, sai karin kawai ya rage. Ta tuna abin da Badaru ya ce. Ta fara karantawa a fili, shi yana bin ta da rabin baki. Da suka iso wurin da ake roƙon gafara kamar yadda ake gafarta wa wasu, muryarta ta tsaya. Ya jira ta. Ta tsallake wurin ta ƙarasa.

Ebube ya dawo da la'asar shi kaɗai, Fada ya yi tafiya, sai mako mai zuwa. Ya same ta tana shanya zanin gado. Ranar Alhamis ta dawo, da Asabar, ta kuma karɓi Talata.

Valentine bai jira Fada ba. Ya cika ranar Litinin da hantsi, Ebube na riƙe da hannunsa, Bernadette na waje tana wanke kwano. Washegari aka binne shi a maƙabartar Kirista da ke bayan gari. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, maza huɗu suka yi ta sara tun safe har azahar kafin ramin ya yi zurfin da ya kamata. Mutum tara suka tsaya a bakin kabarin. Badaru ya zo daga Kongolam, ya tsaya can gefe ƙarƙashin wata aduwa har aka gama, sannan ya matso ya yi musu gaisuwa ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar komawa Bernadette ta rage tafiya don ta jera da Ebube.

"Baba, akwai wani namu kuma da ya daina zuwa, ba mu bi sawunsa ba?"

Dattijon ya yi tunani. Ya ce akwai wata mata mai ɗinki a Babban Mutum, mijinta ya bar ta, shi Ebube rabonsa da ganinta tun kafin rikici.

Lahadi bayan sujada su biyu suka shiga motar Baure. Suka yi ta tambaya har aka nuna musu shagon. Ƙofar a kulle take, kwaɗon ya yi tsatsa. Wata tsohuwa a maƙwabta ta ce matar ta yi doguwar jinya bara, daga baya wata mota ta zo ta ɗauke ta, ba wanda ya san ko gida aka kai ta ko asibiti. Suka yi mata godiya. Ebube ya zauna a dakalin shagon don ƙafafunsa sun kumbura, Bernadette ta tafi bakin titi ta tsaya jiran motar Daura.