Sanduƙin Malam Jibirin

Abdussalami malamin firamare ne a Suki, wani gari a bakin Nilu, inda yara da iyayensu ke kiransa Ustaz. Ɗan wani ƙauyen Hausawa ne kusa da Abu Na'ama, amma a shekara takwas da ya yi yana koyarwa babu abokin aikin da ya taɓa jin Hausa a bakinsa. In aka tambaye shi garinsu sai ya ce kudu da Sinnar, ya sako wata magana. In wani ya yi ba'a da Fallata, sunan da ake kiran duk wanda kakanninsa suka zo daga yamma, yakan yi murmushi ya ci gaba da duba littattafan yara.

Ranar da zai tafi makarantar horon malamai, mahaifiyarsa Sabuwa ta ba shi sanduƙin babanta, Malam Jibirin. Na katako ne, an lulluɓe shi da fatar raƙumi, an ɗaure shi da ƙarfe biyu, kusurwoyinsa na tagulla. Da shi tsohon ya fito daga ƙasar Sakkwato yana saurayi, cikin ayarin da suka yi hijira gabas, ya kawo shi bisa jaki da bisa kai har bakin Nilu. Sauran ɗaliban kuwa akwatunan kwano gare su masu fenti. Tun ranar farko wani ya toshe hanci ya tambaya ko da raƙumin aka zo. Abdussalami ya tura sanduƙin ƙarƙashin angarib, gadon igiyar da yake kwana a kai, ya saki bargo ya rufe shi.

Da ya auri Ikhlas suka kama gida a Suki, ya sayi dolab, wato kabad ɗin kaya mai madubi, da kujerun ƙarfe huɗu. Sanduƙin bai dace da komai a ɗakin ba. Wata ranar kasuwa ya ɗora shi a amalanke ya kai wa dillalin da ke sayen tsofaffin kaya, ya ba shi a yadda ya taya. Duk sanda mahaifiyarsa ta tambaya, sai ya ce yana nan a ɗaki.

Bayan shekara biyu, a cikin 1967, Ustaz Abdulmuttalib, mufattishin da ke zagayen duba makarantunsu, ya gayyaci malamai biyar cin abincin rana a gidansa a Wad Madani. Ana ta raɗe-raɗin za a ba ɗaya daga cikinsu shugabancin wata makaranta. Abdussalami ya sa an goge masa wando da riga, ya hau jirgin ƙasa.

Salon ɗin gidan, wato falon baƙi, bai yi kama da na sauran ma'aikata ba. Babu kujerar ƙarfe ko ɗaya. Matar gidan, Sitt Sawsan, malamar ɗinki ce a makarantar 'yan mata, kuma abin da ta fi so shi ne yawon rumfunan 'yan gwanjo. Tsohuwar ƙofar katako mai sassaƙa ta zama majinginar benci. Sirdin raƙumi an yi masa matashi, ana zama a kai. A lungu an jera tsofaffin akwatunan tafiya uku, babba a ƙasa, an ɗora rediyo a sama. A tsakiyar ɗakin kuwa, an yi masa gajerun ƙafafu huɗu, da tiren shayi a kansa, ga sanduƙin Malam Jibirin.

Abdussalami ya gane shi tun daga bakin ƙofa. Fatar ta yi duhu tana sheƙi, tagullar ta yi ja, amma ga tabon wuta a gefen hagu, inda aci-balbal ta taɓa faɗo masa tun yana yaro. Ya zaɓi wurin zama mafi nisa.

Ɗaya daga cikin malaman ya yaba teburin, Sawsan kuwa kamar jira take. Ta ce a kasuwar Sinnar ta same shi, an jibga masa tsofaffin tukwane. Sati biyu ta yi tana shafa wa fatar man riɗi kaɗan-kaɗan har ta daina tsagewa. Tagullar da toka da lemun tsami ta goge ta. Ƙafafun kuma daga wani karyayyen angarib kafinta ya yanko su.

"Amma ba ku ga abin da ya fi ba," in ji ta. Ta ɗauke tiren ta buɗe murfin.

Cikin murfin cike yake da rubutu, layi-layi, tawadar wani wurin ta koɗe. Malaman suka sunkuya.

"Haruffan namu ne," in ji Sawsan, "amma kalmomin ba Larabci ba ne. Sunaye kawai nake iya tsinta. Ga Asabe. Ga Sabuwa. Nan ƙasa ga Maryamu, Usmanu, Abdussalami." Ta ɗago tana dariya. "Ustaz, ga takwaranka."

"Sunan yana da yawa," in ji Abdussalami.

"Zo ka duba mana," in ji mai gidan. "Wataƙila ka fi mu ido."

Ya taso ya sunkuya. Hannun kakansa ne, wanda da shi ya koya masa alif a kan allo. Layin farko ya shiga idonsa tun bai nema ba.

"Ban gane komai ba," ya ce da Larabci. "Kamar rubutun Fallata ne."

Ustaz Abdulmuttalib ya dube shi kaɗan, sannan ya ce a kawo abinci. An kawo kisra, wainar dawa mai fale-fale, da miyar kuɓewa da soyayyen kifi. Abdussalami ya yi loma uku ya ce cikinsa ba daɗi.

Wata biyu bayan haka Ikhlas ta haifi mace. Sabuwa ta zo daga ƙauye a bayan lori, da garin kunu da man shanu da daddawa. Aka yi suna, aka sa wa yarinya Ramatu. Washegari da hantsi, bayan baƙi sun watse, tsohuwar ta kwance bakin zanenta ta fito da alƙalamin kara da 'yar kwalbar tawada.

"Audu, ɗauko sanduƙin a sa sunan yarinya. Na 'ya'yan 'yar'uwarka Maryamu ma ba a sa ba tun da kat tahi da shi."

"Yana wurin kafinta, Inna. Murfin ne ya saki."

"To, a amso."

Kwana biyu tana tambaya, yana cewa kafintan ya yi tafiya. A rana ta uku ya dawo daga makaranta ya same ta zaune a inuwar dalbejiya tana tsince riɗi a faifai. Ya durƙusa a gabanta da wandonsa na aiki, ya faɗa mata duka: dillalin, da salon ɗin, da ƙafafun da aka yi masa. Ba ta daina tsintar ba.

"Mi suka ɗorawa bisanai?"

"Shayi."

"Ka ce musu na kakanka ne?"

Ya girgiza kai.

"Sun ga rubutun?"

"Sun gani. Sun ce in karanta."

"Ka karanta?"

"Na ce ban iya ba."

Sai a nan hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon faifan. Ya so ta zage shi, ko ta yi kuka, ko ta ce masa ɗan banza kamar yadda takan ce yana yaro. Ta hure ƙaiƙayin da ke gefe ta ce, "Jumma'a ka kai ni."

Ya yi ƙoƙarin ya ce shi zai je ya roƙa a sayar masa. Ta ce ba ta tambaye shi wannan ba.

Suka isa Madani bayan an sauko daga masallaci. Sabuwa ta sa baƙin zanenta na saƙi da mayafin da ya sha wanki, ta ƙi tobi, dogon lulluɓin matan birni, da Ikhlas ta ara mata. A bakin ƙofa Abdussalami ya ce wa mai gidan, "Mahaifiyata ce," kuma bai iya ɗaga ido ba sa'ad da yake faɗa. Sawsan ta rungume ta, ta kira ta hajja, ta zaunar da ita a benci. Sabuwa ta amsa gaisuwa da Larabcinta na kasuwa, tana duba ɗakin ɗaya bayan ɗaya har idonta ya sauka a tsakiya. Ta sauko daga bencin ta zauna a ƙasa, ta shafa fatar da tafin hannu, ta shinshina hannun.

"Man riɗi," ta ce. Ta ɗaga tiren ta miƙa wa ɗanta, ta buɗe murfin. "Karanta. Da Hausa tukuna, sannan ka hwaɗa musu da nasu."

Ya durƙusa. Ya sa yatsa a kan layin farko. Ya karanta cewa sun fito daga gida bayan girbi, su goma sha ɗaya. A bakin tafkin Fitiri suka binne Asabe, ƙanwar mai rubutun, zazzaɓi ya ɗauke ta. A Abeshe suka yi damina biyu suna noma wa mutane. A Fashir jakin ya mutu, suka riƙa karɓa-karɓar sanduƙin a ka. A Nuhud baffansu ya ce ƙafarsa ta gama tafiya, suka bar shi da ƙwarya da buta. Wasu ma suka rage a hanya, su shida suka ga Nilu. Daga nan sai sunayen waɗanda aka haifa.

Kowane layi sai ya faɗe shi sau biyu. Da ya kai sunansa ya ce, "Wannan ni ne," da Larabci.

Sawsan ta share ido da bakin tobinta. Ta ce wallahi ba ta sani ba, yanzu za ta sa a cire ƙafafun a ɗora musu shi a mota. Sabuwa ta kama ƙafa ɗaya ta girgiza, ta ga ba ta motsi.

"Ki bar su, ɗiyata. A ɗakina gara ta fara cin gindinsa. A ɗakin wannan kuwa ƙarƙashin gado yake. Nan ne aka shafa masa mai." Ta miƙa wa ɗanta alƙalami da tawada. "Sa Ramatu. Sa Attahiru da Asabe na Maryamu."

Ya rubuta. Hannunsa ya daɗe bai yi wannan rubutun ba, haruffan suka fito a karkace a ƙarƙashin na kakansa, tawadar ta ɗiga a wuri ɗaya. Sawsan ta kawo takarda ta ce ya kwafe duka ya tafi da shi, ya kuma rubuta mata fassarar. Ya yi kusan awa guda a durƙushe yana kwafa, matan biyu suna shan shayi a bayansa suna maganar yadda ake hana fata bushewa.

Ustaz Abdulmuttalib ya rako shi har bakin titi, tsohuwar tana gaba. Abdussalami ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri, mai gidan ya katse shi.

"Ustaz, sunan ƙauyenku yana cikin takardunka. Duk mun san daga ina kake. Ban san sanduƙin naku ba ne, amma ni na ce wa Sawsan ta nuna maka rubutun ran nan, don na ɗauka za ka ji daɗi." Ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya raya yarinya."

Abdussalami ya tuna duk ba'ar da ya yi wa murmushi a ɗakin malamai, a gaban mutanen da suka sani. Ya yi godiya, ya bi bayan mahaifiyarsa.

A hanya ba ta ta da zancen ba. Ta yi masa maganar tsuntsayen da suka dami dawa bana, da rufin ɗakinta da ke yoyo. Washegari ta koma ƙauye. Shugabancin makarantar wani aka ba, kuma Abdussalami bai tambayi dalili ba.

Da babbar salla ya kai iyalinsa gida. Ana zaune a tsakar gida bayan cin nama, wansa Usmanu ya ce shi fa ya daɗe bai ga sanduƙin Malam ba, ko yana nan? Abdussalami ya buɗe baki, amma mahaifiyarsu ta riga shi.

"Shina Madani," in ji ta. "Shina nan lahiya."

Ta miƙa wa Ikhlas hannu ta karɓi jaririyar. Usmanu ya dubi ƙanensa yana jiran ƙarin bayani. Abdussalami ya ce labarin da tsawo, ya shiga ɗaki ya ɗauko takardar da ya kwafa, ya zauna kusa da wansa ya fara daga ranar da ya kai sanduƙin kasuwa.