Idon Sa a Kan Teburin Baba

Shekara biyu Inna Rakiyya, kakata, ba ta gani. Yanar ido ce ta rufe mata idanun duka biyu. Likitocin ido sun sauka a Gumel, Juma'a za su tashi. Yau Alhamis. Baba ya ce ba ta zuwa ko'ina.

"Ƙwaƙule idon suke yi su sa na akuya," in ji shi. "Uwar tawa?"

Tun da na gama sakandare nake zaune a gida, maganata ba ta da nauyi. Na bi shi kasuwar Maigatari, inda yake fawa. Dogo Mahauci ake ce masa, kowa ya san teburinsa.

Da hantsi aka ajiye kan sa a gefe. Na daɗe ina kallonsa, shi ma yana kallona. Sai na zaro reza.

"Kai Zakiyyu, kan nan na mutane ne!"

"Ido ɗaya kawai, Baba."

Na ciro shi, na share kitsen. A baya ga wata farar jijiya, gajeriya, mai kauri. Na ce ita ce ke kai wa ƙwaƙwalwa abin da aka gani. A littafi kawai na taɓa ganinta.

Ɗalha, mahaucin da ke kusa da mu, ya leƙo. "Dogo, ɗanka ya zama likitan shanu. Sai dai marar lafiyar ya riga ya mutu."

Aka yi dariya. Na tsaga idon ta gefe. Wani ruwa mai yauƙi ya malalo kamar ɗanyen ƙwai. A cikinsa ga abin da nake nema: ɗan dunƙule garau, kamar ɗigon ruwan da ya ƙi bajewa.

Na ɗora shi a kan tsohuwar jaridar da muke naɗe nama.

"Baba, duba."

Ya sunkuyo. Baƙaƙen da ke ƙarƙashin abin sun kumbura, sun yi ɓaro-ɓaro.

"Ikon Allah!" Ya matsar da shi da bakin wuƙa. Wasu baƙaƙen suka kumbura. "Ɗalha, zo ka ga tabarau a cikin sa! Shekara talatin ina yanka, ban sani ba."

"Kowa yana da shi," na ce. "Ta nan haske ke wucewa, ya sauka a bangon baya."

Na ruga wajen mai shayi, na karɓo ruwan zafi a kofi. Na jefa dunƙulen. Mutane sun fara taruwa. Da na tsamo shi da cokali, ya yi fari fat. Na mayar kan jaridar. Babu baƙi ko ɗaya.

"Af!" in ji Ɗalha. "Wannan ai shi ne ɗan dutsen da muke tofarwa in an dafa kai."

"Haka na Inna ya zama," na ce. "Tsufa ne ya dafa shi. Shi kaɗai za su cire, su sa na roba mai haske. Idonta na nan inda yake."

Baba ya juya farin abin a tafin hannunsa.

"Ba akuya?"

"Ba akuya."

Ya goge wuƙa a cinya. "Ɗalha, riƙe mini tebur."

Kafin la'asar muna Gumel, mu uku, Inna a tsakiya tana ta mita. Washegari aka yi mata aiki a idon dama. Ranar Asabar ma'aikaciyar jinya ta ɓare audugar a hankali. Inna ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, hawaye na zuba. Ta kalli Baba tukuna. Sannan ta juyo kaina, ta kamo haɓata.

"La ilaha! Mijin nawa ne ya yi gemu ba a gaya mini ba? Tsaya in ƙirga. Ɗaya, biyu... kai, na saki auren nan."