Nusaiba da Babban Lissafi

Da Ashiru bai zo Tsafe hutun babbar sallah ba, da Nusaiba ba ta jefa kanta cikin wannan wahala ba. Ɗan kawunta ne, taubashinta, yana ajin ƙarshe a wata makarantar kuɗi a Gusau, ita kuma tana ajin ƙarshe a ta gwamnati. Ranar ya baje a tsakar gida yana cin soyayyen naman da bai taya kowa suya ba, ya zaro wani littafi mai kaurin bulo ya ajiye inda kowa zai gani.

"Wannan fa?" in ji Nusaiba.

"Fada Mas. Babban lissafi ke nan, ba irin naku na ƙirga tumatir ba. Kar ki buɗe, kanki zai sara."

Inna Tambaya, uwar Nusaiba, ta ɗago kai daga tankaɗe ta ce, "Wane irin faɗa kuma ake koya muku a boko?"

Kowa ya yi dariya ban da Nusaiba. Ita ba injiniya take son zama ba, ba kuma ƙaunar lissafi ce ta hana ta sukuni ba. Bakin Ashiru kawai take son rufewa.

Da aka koma makaranta ta sami Malam Tajuddeen, wanda shi kaɗai ke koyar da lissafi da kimiyya, kuma shi ne alƙalin wasan ƙwallo. Ya saurare ta, ya sosa ƙeya.

"Ba ma yin sa a nan. Ni kaina rabona da shi tun ina kwaleji, kuma ba rabuwar arziki muka yi ba."

Amma ya tono mata wani tsohon littafi da gara ta fara karantawa, ya ce in ta dage ta yi rajistar jarabawar 'yan waje da ake yi a Gusau ƙarshen shekara. Babanta, Malam Gambo mai hatsi, da farko ya ce ba ya son kwashe-kwashe. Da ya ji Ashiru ɗan surukinsa na yi, sai ya gyara zama ya ce ai ɗiyarsa ba kanwar lasa ba ce. Aka yi mata rajista, Fada Mas da sauran darussa.

Malaminta na gaskiya wani Ba'indiye ne da ke cikin wayar yayanta Idris, ɗan kabu-kabu. Kullum Idris ya dawo cin abincin rana sai ta karɓe wayar. Mutumin ya yi ta rubutu a allo yana kaɗa kai, ita tana tsayar da shi tana mayar da shi baya, tana zaginsa in ya yi sauri. Inna ta kan jawo kujera ta zauna kusa, ta ƙura ido.

"Wai yaushe za su fara rawar ne?"

"Inna, karatu ne fa."

"To ina yarinyar fim ɗin? Tun jiya shi kaɗai yake ta surutu."

Abin bai zo da sauƙi ba. Akwai babin da ta yi sati tana kallonsa yana kallonta, har ta jefar da littafin ya faɗa kwandon barkono. Ana cikin haka aka yanke sabis ɗin waya a jihar saboda matsalar tsaro, Ba'indiye ya ɓace. Ta roƙi Idris ya je Funtuwa, inda akwai sabis, ya sauko mata da darussa a waya. Ya tafi ya dawo yana washe baki, da waƙoƙin biki fal da kokawar Turawa, sai darasi guda, shi ma na yadda ake kiwon kifi.

"Yaya, mi zan yi da tarwaɗa?"

"Shi ma Ba'indiye ne. Na zaci duk ɗaya ne."

Dole ta koma ga ragowar gara. Abin da ta gane ta riƙe, wanda ya gagara ta bar shi da Allah.

Ranar jarabawa ta shiga motar Gusau da sassafe, an cusa ta tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaji. Ta iso ɗakin tana waige, tana neman Ashiru don ta yi masa kallon da ta daɗe tana tanadi. Babu shi. Babu kowa ma. Kujeru reras, sai ita da mai sa ido, wani dattijo da ya riga ya rataya jaka zai tafi gida.

"Ke ce mai Fada Mas ɗin?" Ya sauke jakar kamar an yi masa mutuwa. "Yarinya, wa ya aike ki?"

Ta zauna ta fara. Tambayar farko ta san ta, ta biyu sun taɓa gaisawa, ta uku kuwa ko a mafarki. Dattijo ya yi gyangyaɗi, ya farka, ya zagayo.

"In kin gama abin da kika sani, ba laifi ba ne mutum ya tashi."

"Da saura, Baba."

Sai da ta cinye lokacinta tas.

Daga nan ta wuce gidan kawu. Ta tarar da Ashiru yana wanke takalmi. Da ta matsa masa, ya ce ai shi tun zangon farko ya ajiye darasin, malamin ba ya da kirki.

"Littafin fa?"

"Na abokina ne."

Ta yi dariya har sai da matar kawu ta leƙo ta ga ko lafiya.

Da sakamako ya fito, Idris ne ya karanto a gaban kowa. Babban lissafi ta ci, ba da wani ƙarfi ba, da ƙyar ta tsallake da kiredit, amma ta ci. Malam Gambo ya yi hamdala, har ya fara lissafa mutanen da zai gaya wa a kasuwa. Sai Idris ya ƙura wa waya ido.

"Karanta mana," in ji Baba.

"Hausa... ta faɗi."

"Ta mi?"

"Ta faɗi warwas, Baba."

Malam Gambo ya juyo ya dube ta. "Hausar da kika sha a nono?"

Nusaiba ta sunkuyar da kai ta ce ai akwai littattafan adabi da aka ce a karanta, ita kuma ba ta sami sarari ba. Ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya sa hularsa ya nufi ƙofa. A zaure ya tsaya ya ɗaga murya.

"Kowa ya tambaya, a ce lissafi ta ci. Wanda ya kai zancen Hausar nan Gusau, ni da shi ne."