Ranar da Jirgin Kano Ya Bi ta Kan Gombe

A daminar 1978 Dalhatu ya samu kujerar mataimakin matuƙi a wani babban jirgin fasinja. Ɗan Tudun Wadan Gombe ne, kuma tun da ya tafi koyon tuƙi bai cika leƙa gida ba. Jirgin sabo ne, yana da kwamfuta wadda ake shigar mata da lambobin inda jirgi yake kafin a tashi, sai ta riƙa nuna hanya har a isa.

Ran nan za su taso daga Nairobi zuwa Kano. Kyaftin Alfred, wanda ya fara tuƙi tun Dalhatu yana firamare, shi ya danna lambobin cikin sauri don an makara. Ƙa'ida ta ce mataimaki ya sake dubawa, amma Dalhatu ya ji nauyin bin diddigin babba, sai ya ɗaga kai kawai alamar ya gani.

Da la'asar kwamfuta ta ce sun kusa Kano. Hadari ya rufe ƙasa ruf. Dalhatu ya kira hasumiyar filin jirgi, mai kula da zirga-zirgar jirage, Malam Bamanga, ya ba su izinin fara sauka bisa wurin da suka ce suna.

Suna yin ƙasa muryar Bamanga tana ƙara dushewa. Can ya ce, "Ku sake faɗa min inda kuke. Jiragen da ke kusa da ni ba haka nake jin su ba."

Kyaftin ya ce, "Hadari ne ke dama rediyon. Gaya masa muna kan hanya."

Dalhatu ya faɗa, amma hankalinsa bai kwanta ba. Sai gajimare ya tsage ta hannun damansa, ya hango wani dogon dutse kusa da su, kogi yana bi ta gindinsa. Ya ƙura masa ido. Babu irin wannan dutsen a kusa da Kano.

"Kyaftin, a dakata da sauka."

"Me ka gani?"

"Dutsen Bima. Wancan kogin Gongola ne."

Alfred ya dubi kwamfuta, ya dubi yaron. Bai yi gardama ba, ya daidaita jirgin ya daina yin ƙasa. Jim kaɗan suka fito ƙarƙashin gajimare, sai ga gari shimfiɗe a gabansu. Dalhatu ya ga layin dogo da tashar jirgin ƙasa, ga gidan gurzar auduga, ga rumfunan kasuwa ruwa ya wanke kwanonsu.

"Gombe ce, ranka ya daɗe. Garinmu ne."

"Ka tabbata?"

"Ga unguwarmu can."

Kyaftin ya ƙara wuta, jirgin ya yi ruri ya ɗaga sama. Da suka yi nisa da ƙasa muryar Bamanga ta dawo tangaram. Alfred da kansa ya karɓi rediyon ya ce, "Mun yi kuskure, muna kan Gombe. Ka ba mu hanya." Bamanga bai tsaya tambayar dalili ba. Ya tambayi man da ya rage musu, ya kawar da wani jirgi daga hanyarsu, ya riƙa yi musu magana a natse har suka hango Kano. Suka sauka lafiya kafin magariba.

Bincike ya nuna tun a Nairobi aka shigar da lambobin ba daidai ba. Alfred ya ce shi ya danna, Dalhatu ya ce shi ne bai duba ba. Kamfani ya ba su hutun dole kafin a sake gwada su. Da za su rabu Alfred ya ce, "Daga yau ko ni ne, ka duba aikina, ka faɗa da babbar murya. Na nemi a sake haɗa mu."

Dalhatu ya hau mota zuwa Gombe yana jin kunyar abin da zai tarar. Tun daga tasha ya ga abin mamaki. Direbobi suka yi masa caa da gaisuwa, wani tela ya bar kekensa ya fito ya riƙe masa hannu. Ashe duk Tudun Wada an gama yarda cewa ɗan Inna Fatimatu ne ya karkato da jirgi takanas don ya gaishe da uwarsa.

Ya tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa. Bayan gaisuwa ta ce, "Ina kwashe shanya na ji ƙarar. Na fito na yi ta ɗaga maka hannu. Ka gan ni?"

Ya zauna a bakin tabarma. "Inna, ba gaisuwa na zo ba. Ɓata muka yi."

Ta ajiye faifan. Ya ba ta labari tun daga farko, har da dutsen. Da ya gama, ta dube shi.

"Mutanen da ke ciki duk sun isa gidajensu?"

"Duk sun isa."

"Alhamdulillahi. Shi wancan mai rediyon fa, ka je ka yi masa godiya?"

"Ban je ba tukuna."

"To ka je. Zan soya maka dambun nama ka kai masa." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta. "Za su bar ka ka ci gaba da tuƙin?"

"Za su bari, in na ci gwajin."

"Za ka ci. Su kuma mutanen unguwa, kai za ka gaya musu da bakinka, ni na riga na karɓi barka. Tashi ka wanke hannu, tuwo ya kusa."