Safar Hannun Inna

Na daɗe ina gyaran farce a garinmu Jinju, har ta kai kaka na shigowa nakan san abin da za a ce ana yayi tun 'yan Seoul ba su buɗe baki ba. Bara launin ƙasa-ƙasa ne: gashi kamar shayin da ya kwana, leɓe kamar mace ta ci cakulan ta manta ba ta goge ba. Bana kuwa da na ga abin da suka tono, sai da na ajiye kofin da ke hannuna don kada in jefi bango da shi. Wai jan furen bongsunga, wannan da ke tsirowa gindin katangar kowace tsohuwa, shi ne adon farce na kaka. Kuma wadda ke kan gaba wajen tallarsa Se-rin ce.

A hannuna Se-rin ta koyi riƙe burushi. A gidanmu take cin abincin rana, mahaifiyata tana tura mata kifi a kwano tana ce mata 'yar auta. Daga baya ta tafi Seoul, ta fara sakin bidiyon kwalliya, ta yi suna, ta koyi magana ta hanci.

Inna kimchi take sayarwa a kasuwa, wato kabejin da ake tsimawa da gishiri da barkono. Gishiri da barkono da ruwan sanyi sun tsattsage mata hannu, amma duk ƙarshen damina sai ta tsinko furen nan, ta daka shi da alif a ɗan turminta, ta ɗora a farce, ta naɗe da ganyen zurma, in ɗaure mata da zare. Tsofaffi na cewa in jan ya kai ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, za ki gamu da masoyinki na fari. Inna takan ɗaga yatsu ta ce, "Wa ya sani, ƙila babanku ya gaji da kabarin ya dawo." Iyakar adonta ke nan a duniya.

Bara, lokacin bikin girbi, Se-rin ta zo gaishe mu. Ta kama hannun Inna ta ce, "Kai, Inna, bari in ɗauka, ya yi kyau." Inna ta baje yatsu a kan jar robarta tana dariya. Ba a jima ba bidiyon ya fito da take a kansa: abubuwan da za ki raba hannunki da su a wannan kakar. Hannun Inna ne na farko. Se-rin ta kusanto da hoton har ana ganin tsagar fata, ta sa sautin dariya a ƙasa, ta ce, "Wannan ai hannun ƙauye ne, don Allah 'yan mata, mu wuce nan."

Ba ta nuna fuska ba, amma duk kasuwa an san zoben auren Inna da jar robar nan. Matan layin kifi suka riƙa kiran Inna tauraruwa. Ita kuwa sai ta je ta sayi farar safar hannu ta auduga. Da ita take cin abinci, da ita take barci. A asibiti na kai hannu zan riƙe nata, ta janye shi ƙarƙashin bargo. Ta rasu kafin ƙanƙara ta narke. Ban ce bidiyon ne ya kashe ta ba, dama zuciyarta na ciwo. Amma uwata ta mutu tana jin kunyar hannun da ya ciyar da ni, kuma wannan ban yafe ba, ban ma gwada yafewa ba.

Furen dai bai san an yi mutuwa ba, ya sake cika gindin katanga. Sai ga wayar Se-rin.

"Yaya, kwana da yawa. Na ji abin da ya faru, sai haƙuri." Ta ja numfashi ɗaya ta wuce wurin. "Yaya, taimako nake so. Zan yi shiri kai tsaye, daga ɗauri har kwancewa, yini guda, a tsohon gida mai katanga. Na faɗa wa mabiyana kakata ce take ɗaura min ina ƙarama."

"Kakarki da ta rasu ba a haife ki ba?"

"Haba Yaya, ai magana ce ta aiki. Ke kaɗai na sani da ta iya na gaske. Amma ji nan: zan sa a shafa min mai marar launi a gasa shi da fitila ya daskare a farcen tukuna, don kada jan ya shiga. Ƙarshen watan nan ina da ɗaukar hoton hunturu da wani kamfanin kayan shafa. Farcen ƙanƙara za a yi, fari tas, ana hango naman ƙasa. Hannuna ne zai cika tashoshin jirgin ƙasa, Yaya. Shekarata nawa ina bin wannan aikin. Ke dai ki ɗora furen a kai kawai."

Na ce, "Zo." Ba ta jira ta ji ko akwai saura ba, ta kashe.

Ta iso da hantsi, gashi an rina shi ja-ja mai duhu, leɓe launin inabi, da wani mutumin kamfani a bayanta riƙe da kyamara da waya. Ta zauna a dakalin katako inda Inna take zama. Na shimfiɗa ganye, na kawo turmin, na kawo alif.

Aka kunna. Muryarta ta koma zuma. "'Yan uwa, yau mun dawo gida. Wannan ita ce malamata. Ku duba, babu komai a farcena, kamar yadda kakata take min, daga fure sai alif."

Na kama hannun na ɗaga shi gaban kyamara, na juya shi rana ta buga. "Ƙanwata, ai kuwa yana ƙyalli. Kada masu kallo su ce mun yi musu wayo. Mu a gidan nan ba a ɗaurawa sai an kankare farce tas, don ya sha sosai. Ko kakarki ba haka take yi ba?"

Na ji yatsunta sun sandare a tafina. Mutumin kamfanin yana karanta saƙonni yana ɗaga mata babban yatsa, shi bai san dawan garin ba. Mutane sai rubutowa suke, a kankare, a kankare, muna so mu gani.

"Haka take yi," in ji Se-rin, haƙora a waje.

Na ɗauko abin goge farce na zauna da kyau. Ɗaya bayan ɗaya na bi su, farin gari yana zuba a cinyarta. Ta sunkuyo kamar za ta gyara min wuyan riga ta ce a hankali, "Yaya, me kike yi?" Na ce da ƙarfi, "Saura babban yatsa, 'yar auta." Da na gama babu sauran ƙyalli ko na ƙwayar shinkafa. Na daka furen da alif fiye da yadda na taɓa sawa. A shago da zan zagaye fatar da mai don kada ta kama, amma Inna ba ta taɓa yin haka ba, ni ma ban yi ba. Na tula, na naɗe, na ɗaure da jan zare har sai da ta ce wash.

Ta yi ƙoƙari, ba zan rage mata ba. Ta zauna da hannuwa a sama tana ba da labarin kakar da ba ta taɓa gani ba, tana bayanin hodar da ta dace da busasshiyar iskar hunturu, ina ba ta gasasshen dankali a baki. Masu kallo sai ƙaruwa suke. Da rana ta take ta ce za ta zaga. Na ce, "Da waɗannan yatsun? Mu je in taimake ki."

Muna shan kwanar gidan ta juyo, fuskar nan ta zube. "Kwance min. Yanzu. Ki kankare wanda ya shiga, ki sake ɗaurewa da ganye kawai."

"Da yamma kuma in an kwance a ga fari, ki ce musu me?"

"Sai ki shafa min jan farce a ƙasa."

"Ba na ajiye jan farce a gidan Inna."

"Kin san abin da zan rasa kuwa? Don Allah, Yaya. Me na yi miki?"

Kai, wannan tambayar ta kusa sa in mare ta. Na nuna mata jar robar da ke kife gindin famfo. Ta kalle ta, ta ɗauke kai, na san ta gane.

"Ban fa nuna fuskarta ba," ta ce.

"Hannunta kika nuna. Da safa ta mutu, Se-rin. Na nemi in riƙe hannun uwata ta hana ni." Na matso har ina jin turarenta. "Kina da haƙori, ciji zaren ki kwance, bai gama shiga ba. Ki fita ki faɗa musu dalili. Ki ce babu wata kaka, tsohuwar da ta koya miki furen nan ita ce kika yi wa dariya bara. Ki kira sunanta, Geum-rye. In kin yi haka ni da kaina zan zauna in goge miki abin da zai gogu."

Ta tsaya tana kallon yatsun nan goma a naɗe. Har ta kai ɗaya bakinta. Daga tsakar gida mutumin kamfanin ya kira, wai ba a taɓa samun masu kallo haka ba, ta yi sauri. Ta sauke hannun, ta ce in share mata ƙasan ido kada kwallin ya zuba. Na share mata. Ta koma ta zauna tana murmushi, ni kuma na ji wani sanyi a raina, don da ta kira sunan da ban san yadda zan yi da fushina ba.

Da rana ta yi sanyi na kwance zaren. Ban taɓa ganin ya kama haka ba. Farcen ya yi ja har yana neman baƙi, fatar ta rine har gaɓar farko, ta yamutse don daɗewa a jiƙe. Hannun Inna sak, sai dai babu tsaga. Masu kallo suka haukace, wai kamar ganyen kaka, wai su ma za su yi. Mutumin kamfanin ne kawai ya daina dariya. Ya kusanto da ido, ya tambaye ni ƙasa-ƙasa yaushe zai fita.

"Na fata ba ya daɗewa," na ce. "Na farce kuwa sai farcen ya tsiro an yanke. Ku dawo in furanni sun buɗe."

Ya fita waje da waya a kunne. Ana kashe kyamara Se-rin ta zazzage jakarta, ta ɗauko ruwan goge jan farce ta tuttula a auduga. Ta goga, ta goga, audugar ta fito fara. Ta san ba zai fita ba, duk wadda aka haifa a ƙasar nan ta sani, amma ta saba da launin da ake cirewa in yayinsa ya wuce, sai ta ci gaba da gogawa har gefen farcen ya yi jini. Mutumin ya dawo ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce ya yi magana da ofis, ba za a iya rufe shi ba tunda farcen ƙanƙara ake so, za su nemi wani hannun. Ya ce zai jira ta a mota.

Ta zauna a dakalin tana kuka, hannuwan a cinya kamar ba nata ba. Na tsaya na kalle ta son raina. Na ji daɗi, kuma ba zan ce ban ji ba. Sannan na shiga ɗakin Inna na buɗe aljihun tebur, na ɗauko farar safar, a wanke a ninke, na ajiye mata a gwiwa.

"Ungo," na ce. "Inna ta gama da su."

Ba ta ɗauka ba, ta bar su a dakalin ta tafi. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka ina shago, wata da nake yi wa farce ta nuna min sabon bidiyonta. Tana zaune gaban madubi tana shafa hoda, hannu cikin safar fata mai tsada, tana cewa sa safa a cikin ɗaki shi ne yayin hunturun bana. Daga farko har ƙarshe ba ta cire ba. Na ce wa matar ta sake kunna min daga farko.