Katunan Diriye

Kafin yaƙin basasa, Diriye yana da ɗan tebur a bakin gidan waya na Mogadishu, yana sayar wa baƙi katunan hoto. Wanda ya fi tafiya shi ne na babbar ƙofar nan da Italiyawa suka gina a tsakiyar gari don tarbar ɗan sarkinsu, fara fat, ga itatuwan dabino a gefenta. Da gari ya rikice, bai tsira da komai ba sai gwangwanin biskit ɗaya cike da katunan.

Matarsa Ubah ta rasu a shekara ta uku da fara yaƙin. 'Ya'yansa biyu suna Norway, sai dai waya ranar Juma'a. Abokin hira ɗaya ya rage masa a unguwar Hamar Weyne, wato Gedi, tsohon direban bas. Kullum bayan La'asar sukan sha shayi mai kanumfari a ƙofar gidan Diriye, inda Gedi ya ajiye kujerarsa, suna musu a kan wane shago ne yake ina a da.

Wata Talata Gedi ya zo sanye da sabuwar riga.

"Yau kuma zance za ka, tsoho?" in ji Diriye.

"Wa zai ba ni? Ɗana ne ya matsa. Jibi zan tashi Nairobi, wai likita zai duba idona."

"Yaushe za ka dawo?"

Gedi ya kurɓi shayi, ya yi ta kallon titi.

Diriye ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin. Ya zaro kati ɗaya, gefensa duk ya yi ja don tsufa, ya miƙa masa. Gedi ya kai shi dab da hanci.

"Kai, wannan bas ɗin da ke wucewa ta bayan ƙofar, ai nawa ne!"

"Ƙarya kake, makaho. Naka ko fenti babu."

"Wallahi nawa ne. Dubi yadda ya karkace."

Suka yi dariya har Gedi ya kama tari. Ya ce a rubuta masa wani abu a baya. Diriye ya daɗe riƙe da biro, a ƙarshe sunansa kawai ya rubuta da sunan unguwa.

Ranar tafiyar Diriye bai raka shi filin jirgi ba, ya ce ƙafa ke damunsa. Amma da hantsi ya hau keke mai ƙafa uku ya nufi tsakiyar gari. Ƙofar tana nan, jikinta duk tabon harsashi, ciyawa ta tsiro a samanta. Ya tsaya a inuwarta ya daɗe. Mutane suna ta wucewa, ba wanda ya san shi, shi ma bai ga fuskar da ya sani ba.

Da ya koma gida, maƙwabciya ta aiko masa da shinkafa da ayaba. Ya ci rabi ya rufe sauran. Da la'asar jikar Gedi ta zo ɗaukar kujerar kakanta, wai can Nairobi zai zauna, ya taya ta fitar da ita har bakin titi.