Injiniya da Idon Guguwa

Duk unguwar Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa gina ko akurkin kaji ba. Shekarun ƙarfinsa a shagon sayar da kwanon rufi ya ƙarar da su, yana zaune bayan kanta yana koya wa kafintoci aikinsu. Da ya yi ritaya sai ya kwaso ilimin ya dawo da shi gida, inda ya sami ɗaliba guda, matarsa, wadda kowa ke kira Inna. A bakinsa ta gano cewa tun aurensu ba ta iya shanya kaya ba, shara ma ta baibai take yi.

Ranar da rediyo ya fara shelar cewa babbar guguwa na tahowa daga teku, Injiniya na kishingiɗe a falo yana sakace. Mai bayanin ya ce bana ruwan teku ya ɗumama fiye da kima, tururi na ta tashi sama, iska kuma na rugowa ta cike gurbinsa tana juyawa, har abin ya zama ƙaton hadari mai kewaya kamar dutsen niƙa. Ya ce duk wanda gidansa ke kwari ya koma makarantar da ke kan tudu. Ya soma bayanin wani abu da ya kira idon guguwa ke nan, Injiniya ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Ya tambayi Inna wa ya hura wa teku wuta da zai yi zafi. Ya ce shi ya san abin da ke ƙasa, 'yan rediyo ne suka haɗa baki da masu sayar da batir da kyandir. Inna ta ce lalle kuwa, ta tashi ta fara naɗe katifa.

Da la'asar mijin 'yarsu ya iso da a-kori-kura. Direba ne, kuma Injiniya bai taɓa yafe masa warin man dizal da yake shigo masa da shi falo ba. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Baba, a daure a shiga mota. Kowa ya tafi, ku kaɗai kuka rage.”

Injiniya ya nuna sama da yatsa. Ya ce wannan rufin da hannunsa ya zaɓi kwanonsa, mai kauri, koren fenti, kuma yana tsaye aka buga kowace ƙusa. Iskar da za ta ɗaga shi ba a haife ta ba tukuna. Direba ya yi magiya har ya gaji. Inna ta ajiye abinci a kan tebur, ta yafa mayafinta.

“To Malam, ga kwano a sama, ga kwano a ƙasa,” in ji ta. “Allah ya bar ka da su.”

Washegari da safe iska ta iso. Ba irin wadda ya sani ba ce, mai zuwa ta kaɗa labule ta wuce. Wannan kuka take yi ba ta numfasawa, ruwa kuma a kwance yake tafiya, yana shigowa ta ƙasan ƙofa da gefen taga. Mangwaron maƙwabci ya faɗi da ƙarar da ta girgiza bango. Injiniya ya shige ƙarƙashin tebur, ba don tsoro ba, don dai ya duba ingancin ƙafafunsa.

Wajen azahar komai ya tsaya cak. Rana ta fito. Ya rarrafo ya leƙa waje, ya ɗaga kai, sai ga rufinsa daram, ko ƙusa ba ta motsa ba. Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai. Ya sa farar rigarsa ta zuwa taro, ya kafa hula, ya fesa turare, ya nufi makaranta don ya kwaso matsorata. A hanya yana ta shirya jawabin da zai yi wa Direba a gaban jama'a.

Titi ya cika da tarkace. Turakun lantarki sun kwanta, wayoyi sun tsintsinke, ga firjin wani a cikin kwata da ƙofa a buɗe. Ko tsuntsu ba ya kuka. Abin da mai rediyo ya so faɗa kafin a toshe masa baki shi ne, tsakiyar guguwa fili ne shiru, idan ya wuce ta kan gari sai ɗaya ɓangaren ya biyo baya, iska ta juyo ta inda ba a zata ba. Injiniya ya kai rabin hanya ya ga baƙin hadari ya taso kamar katanga. Hula ce ta fara yin sallama da shi.

Iska ta kayar da shi, ya tashi, ta sake kayar da shi. Da rarrafe ya kai ga wani ƙaton bututun siminti da masu aikin hanya suka yar a gefen titi, ya cusa kansa ciki. Ashe akwai wanda ya riga shi, wani bunsuru ne jiƙe sharkaf, da warin da ya fi na dizal nesa ba kusa ba. Suka dubi juna, kowa ya haƙura.

Daga bakin bututun yana kallon rufin mutane na wucewa a sama kamar takardu. Can sai ga wasu masu koren fenti, a jere, da katakonsu da komai. Bai buƙaci a gaya masa na wane ne ba. Ƙusoshin dai sun riƙe, gaskiyarsa, rufin ne gaba ɗaya ya tashi.

Ruwa ya fara bi ta cikin bututun, daga idon sawu har ƙugu. A nan wayo ya ƙare masa. Haƙoransa na kaɗawa, ya rungume bunsurun don ɗumi, ya karanto duk addu'ar da ya iya. Ya tuna Inna, ya ga cewa in ya mutu a nan, maganar ƙarshe da ya yi mata a duniya a kan kaurin kwano ce. Ya yi kuka sosai, bunsuru na taya shi.

Da yamma iska ta lafa. Direba da wasu maza suka sauko nemansa, suka tarar da gida ba rufi, ba mai gida. Kukan bunsurun ne ya kai su bututun. Ƙafafun Injiniya sun sandare, dole Direba ya goya shi har kan tudu.

A ajin da aka tara mutane, Inna na zaune a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. Ta tashi ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta tabbata shi ne. Sannan ta share hawaye, ta kwance mayafinta ta lulluɓe shi.

“Sannu Injiniya,” ta ce. “Ka zo duba mana rufin makarantar ne?”

Injiniya ya ce shi fa dabba ya ji tana kuka, ya fita ceto. Wata tsohuwa, mai bunsurun, ta yi ta sa masa albarka har da ƙwalla. Inna ta ce ai haka Malam yake, tausayin dabbobi ne zai kashe shi, shi ya sa ma ya fesa wa aikin turare.

Garin ya daɗe bai farfaɗo ba. Ruwan gishiri ya ɓata rijiyoyi, babu lantarki, iyalai da yawa sun ci gaba da kwana a aji. Su Injiniya suka tare a gidan Direba, inda ya gano cewa ƙofar ɗakin an kafa ta a karkace, amma ya haɗiye maganar, abin da 'yarsa ta ɗauka alamar rashin lafiya ce.

Ranar da kafinta ya zo yin sabon rufi, lafiyar ta dawo. Tun kafin mutumin ya jingina tsani, Injiniya ya fara bayanin yadda iska ke shiga ƙarƙashin kwano, a matsayinsa na wanda ya ga abin da idonsa. Inna ta ja shi gefe, ta ce ƙusoshin nan ba ta yarda da su ba, kuma ba wanda zai iya zaɓo masu kyau sai shi. Ta kwatanta masa wani shago a can ƙarshen gari. Ya gyara tsayuwa, ya ce dama ya lura da haka, ya kama hanya.

Kafinta ya bi shi da kallo, ya ce, “Inna, ai shagon nan guguwa ta tafi da shi.”

Ta ce, “Na sani. Hau ka yi sauri.”